MSYS2 a kan Windows: abin da na gani bayan watanni ina amfani da shi, da rigimar PATH

Jama'a na daɗe ina son rubuta ra'ayina akan MSYS2, saboda kusan duk wanda ya fara koyon C ko C++ a Windows sai ya zo ya tsaya cak a waje ɗaya, ya yi instol ɗin kwamfayila, wato manhajar da take mayar da kod ɗin da ka rubuta ya zama firogram, ya buɗe baƙin allon nan na cmd, ya rubuta gcc --version da zumuɗi, sai kwamfuta ta mayar masa da "'gcc' is not recognized as an internal or external command, operable program or batch file." Daga nan wasu sun haƙura da kodin gaba ɗaya, kuma wallahi abin yana damuna domin matsalar bata kai ta kawo ba, kwamfayilar tana nan zaune lafiya lau a cikin foldarta, Windows ce kawai ba a faɗa mata inda zata nemo ta ba.

Bari in fara da menene shi kansa MSYS2 ɗin ga wanda bai sani ba. GCC dai tsohuwar kwamfayila ce, Richard Stallman ya fitar da ita a 1987 ƙarƙashin aikin GNU, kuma asalinta ta duniyar Unix ce, to don ta yi aiki a Windows aka samu MinGW, daga baya aka samu mingw-w64 wanda shi ne yake iya haɗa firogram na 64-bit. MSYS2 shi ne kamar gidan da ya tattaro waɗannan kayan aikin waje ɗaya, ya baka tamina, wato tagar da ake rubuta kwamand a ciki, irin ta Linux mai bash, ya kuma baka pacman, wato mai kula da manhajoji da aka aro daga Arch Linux. Kyauta ake saukewa, yana son Windows 10 ko 11 mai 64-bit, kuma in baka canza ba a C:\msys64 yake zama. Hatta jagorar da Microsoft suka rubuta ta yadda zaka haɗa VS Code, manhajarsu ta rubuta kod, da GCC a Windows, ta kan MSYS2 ta bi, wannan ma na daga cikin abin da yasa na yarda na gwada shi.

Instol ɗin kansa ba wani abu bane, danna gaba danna gaba ne ka gama. Amma ka sani lokacin da ya gama ɗin babu kwamfayila a ciki tukuna, gidan kawai aka gina maka, kai zaka shigo da kaya. Sai ka buɗe taminarsa ka fara da pacman -Syu don ya sabunta kansa, wani lokacin zai ce maka sai ya rufe tagar, ka bar shi ya rufe ka sake buɗewa ka maimaita, sannan ka rubuta

pacman -S --needed base-devel mingw-w64-ucrt-x86_64-toolchain

zai jero maka kaya ya tambaye ka wanne kake so, ka danna Enter kawai ya ɗauko duka, gcc da g++ da gdb da sauransu. Yana cin data da waje ba laifi, don haka ka yi shi lokacin da intanet ɗinka take da ƙarfi.

To anan ne labarin yake farawa. A cikin taminar MSYS2 ta UCRT64 na rubuta g++ --version ya amsa min tsaf da sabuwar siga, na ji daɗi, na koma VS Code na buɗe fayil ɗina wanda na sa #include <optional> a samansa, na ce ya haɗa, sai ga jan rubutu: fatal error: optional: No such file or directory. Na ce ikon Allah, yanzun nan fa na sauke sabuwa fil. Na sake instol, na sake ristat ɗin kwamfuta, na goge foldar .vscode na sake, duk a banza, dare guda na kashe akan wannan abin. Washegari da kaina ya huce sai na buɗe cmd na rubuta kalma biyu kacal, where g++, sai ga layi biyu sun fito ɗaya bisa ɗaya:

C:\MinGW\bin\g++.exe
C:\msys64\ucrt64\bin\g++.exe

Na daɗe ina kallon layin farkon nan. Ashe shekaru baya lokacin da na fara taɓa C na taɓa saka wata tsohuwar kwamfayila na manta da ita kwata kwata, na duba sigarta 6.3.0, ita kuwa GCC 6 bata san <optional> ba domin sai a GCC 7 ya shigo, <filesystem> kuma sai a 8. Ita tsohuwar bata yi laifin komai ba, a zamaninta daidai take, matsalar kawai ita ce a sahun gaba take.

Dan Allah ku tsaya ku fahimci wannan wajen domin duk sauran rigimar daga nan take fitowa. PATH ba wani sihiri bane, jerin foldodi ne kawai a jere, a Windows ana raba su da alamar ; a Linux kuma da alamar : shikenan. In ka rubuta g++ a cmd, zai fara duba foldar da kake ciki, in bai gani ba sai ya bi jerin nan daga sama zuwa ƙasa, folda bayan folda, kuma wanda ya fara cin karo da shi shi zai ɗauka ya tsaya, ba ruwansa da wanne ne sabo wanne ne tsoho, ba ruwansa da wanda ka saka jiya. Kamar layi ne, na gaba shi ake sallama. Sannan wani abu da mutane da yawa basu sani ba, PATH ɗin biyu ne a Windows, akwai na sistem wanda ya shafi kowa a kwamfutar akwai kuma naka na mai amfani, kuma idan Windows zata haɗa su na sistem take sawa a gaba, naka ya biyo baya. Ni kuskuren da ya riƙe ni kenan, sabuwar na saka ta a nawa har na danna Move Up na kaita can saman jerin ina ganin na gama, alhali tsohuwar tana cikin na sistem, ko sama ta bakwai na kai sabuwar a nawa jerin tsohuwar ce zata riga ta. Sai da na shiga na sistem na cire layin C:\MinGW\bin sannan komai ya daidaita.

Hanyar shiga wajen, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta sysdm.cpl, ka je Advanced, ka danna Environment Variables, zaka ga akwati biyu, na sama naka na ƙasa na sistem. Ka zaɓi Path ka danna Edit, sai New, ka saka C:\msys64\ucrt64\bin. Lura da kyau, folda ake sakawa, wato ka tsaya a bin, kar ka ƙara \gcc.exe a ƙarshe, na ga mutane da dama suna yin haka, kuma kar ka tsaya a C:\msys64 kawai domin Windows bata shiga cikin ƙananan foldodi ta bincika maka, inda ka nuna mata nan kaɗai take leƙawa. Sannan ka danna OK a duk tagogin har na ƙarshe, in ka rufe da alamar X ta sama abin da ka yi bai zauna ba.

Bayan haka ka rufe duk wata tamina da take buɗe. Dalili shi ne kowane firogram lokacin da ya tashi yake karɓar kwafin PATH, kuma da wannan kwafin zai ci gaba da aiki har ya mutu, ko ka canza sau goma bai sani ba. VS Code ma haka, kuma taminar da take cikinsa daga gare shi take gadon nata, don haka buɗe sabuwar tamina a cikin tsohon VS Code ba lallai ya wadatar ba, ka rufe duk tagoginsa gaba ɗaya ka sake buɗewa. Ba sai ka kashe kwamfutar ba yawanci.

Yanzu ga hukuncina akan MSYS2 ta wannan fannin, kuma na san wasu ba zasu yarda dani ba. Shi MSYS2 baya taɓa maka PATH na Windows, da gangan, kai zaka saka da hannunka. A daren da nake fama na ji haushin hakan sosai, na ce me zai hana su sa ɗan akwati a lokacin instol mutum ya danna a wuce wajen. Amma da na zauna na karanta PATH ɗin kwamfutata layi layi na ga irin tarkacen da manhajoji daban daban suka cusa a ciki ba tare da sun tambaye ni ba, wasu ma na daɗe da goge su amma layinsu yana nan, sai ra'ayina ya juya. Kuma MSYS2 ba muhalli ɗaya ne da shi ba, akwai UCRT64, akwai MINGW64, akwai CLANG64, akwai MSYS ɗin kansa, kowanne da foldar bin tasa da kwamfayilarsa, to in zai saka maka da kansa wanne zai saka? Gara ya barka ka zaɓa kana sane. Ni yanzu na fi ganin mutuncin manhajar da bata shiga saitin kwamfutata ta bayan gida.

Inda nake ganin suna da sauran aiki shi ne waɗannan muhallan masu yawa, ga sabon shiga abin yana rikitarwa gaskiya. Ka gama instol ka danna Start sai ka ga gumaka kusan biyar masu suna iri ɗaya launi ne kawai ya bambanta su, babu wanda ya ce maka ga naka. A taƙaice UCRT64 shi ne wanda su kansu suke bada shawara tun 2022, yana amfani da UCRT, sabon ɗakin karatun C na Windows, wato tarin kod ɗin da aka riga aka rubuta wanda firogram ɗinka yake dogara da shi, shi kuma MINGW64 yana kan tsohon msvcrt, CLANG64 na masu son Clang ne a madadin GCC. Shi kuwa MSYS ɗin, wanda kayansa suke a C:\msys64\usr\bin, wannan daban ne, daga Cygwin aka samo shi, wata manhaja mai kwaikwayon muhallin Unix a cikin Windows, in ka rubuta pacman -S gcc kawai ba tare da dogon sunan nan ba to gcc ɗinsa zaka samu, kuma duk firogram ɗin da ka haɗa da shi sai ya nemi msys-2.0.dll kafin ya tashi. Abin da ka saka da inda ka nuna a PATH dole su dace, in sunan kunshin yana da ucrt a ciki to ucrt64\bin zaka saka, in ka saka mingw64\bin zaka tarar da foldar wayam babu komai. Duk wannan bayanin yana shafinsu a rubuce kuma sun yi shi da kyau, sai dai mutumin da yau ya fara bai san ma ya kamata ya nema ba.

Kuma shawara ta tsakani da Allah, kar ka saka C:\msys64\usr\bin a PATH na Windows don kawai kana son ls da grep a cmd. A cikin foldar akwai find.exe da sort.exe, Windows ma tana da nata masu wannan sunan amma aikinsu ya sha bamban, in na MSYS suka shiga gaba wasu fayilolin bat zasu fara yin abin da baka gane ba, akwai ma link.exe wanda sunansa ɗaya da na Visual Studio. In kana son kayan Linux ɗin ka buɗe taminar MSYS2 ka yi aikinka a can. Ita ma taminar tasu bata ɗaukar cikakken PATH na Windows sai kaɗan, shi yasa a cikinta komai yake aiki lafiya ko da na wajen ya dagule, in kuma kana son ta gaji duka akwai saitin MSYS2_PATH_TYPE=inherit.

Bayan na warware tawa da 'yan makonni sai ƙanina ya kira ni, shi ma ya fara C++, muryarsa duk ta canza. Ya ce "Yaya dan Allah duba min, ni gcc ɗin ma yanzu ba shi ne damuwata ba, Python ɗina da yake aiki jiya yau ya daina." Na ce ya turo min hoton abin da echo %PATH% ya bashi. Hoton na zuwa na zuƙo shi, na ga layuka suna maimaita kansu, C:\Windows\system32 sau biyu, kuma can ƙarshe rubutun ya yanke a tsakiyar kalma, wani abu kamar C:\Users\...\AppData\Local\Prog shikenan babu ci gaba. Na ce "kai me ka rubuta jiya?" Ya ce wani bidiyo ya bi, aka ce ya yi setx PATH "%PATH%;C:\msys64\ucrt64\bin". To matsala biyu ce a wannan layin. Ta farko %PATH% ɗin da yake cikin cmd haɗaɗɗe ne, na sistem da na mai amfani, sai setx ya kwashe duka ya zuba a na mai amfani, shi ya kawo maimaicin. Ta biyu setx yana yanke duk abin da ya wuce harafi 1024, wannan a rubuce yake a bayanin kwamand ɗin, don haka duk abin da yake ƙarshen jerin ya tafi, har da shi sabon layin da yake son ƙarawa tunda shi ne na ƙarshe. Allah ya taimake mu akwai wata tagar cmd da ya bari a buɗe tun kafin ya yi abin, ita tana riƙe da tsohon kwafin, na ce kar ka kuskura ka rufe ta, ya yi echo %PATH% a cikinta muka kwafe muka mayar da layukan ɗaya bayan ɗaya ta tagar Environment Variables. Tun ranar duk wanda zai taɓa PATH nake ce masa ya fara yin echo %PATH% > tsohon_path.txt ya ajiye, sakan biyu ne.

Wani abu kuma ga masu PowerShell, wanda yawanci shi ne taminar da VS Code yake buɗewa a Windows. In ka rubuta where g++ a can zai yi shiru bai ce komai ba, sai ka ɗauka babu kwamfayilar, alhali a PowerShell kalmar where laƙabi ce ta Where-Object, wani abu ne daban. Ka rubuta where.exe g++ ko Get-Command g++ -All, don ganin jerin kuma $env:Path -split ';' zai jero maka su layi layi abin sha'awa. Haka nan bayan ka haɗa firogram ya fito a matsayin a.exe, PowerShell baya duba foldar da kake ciki, sai ka rubuta .\a.exe.

Sai rigimar DLL, wato fayilolin ɗakin karatu da firogram yake ɗaukowa lokacin da zai tashi, wadda ita ce mafi ban haushi domin bata yi kama da matsalar PATH ba sam. Firogram ɗin C++ da ka haɗa da g++ yana buƙatar libstdc++-6.dll da libgcc_s_seh-1.dll da libwinpthread-1.dll lokacin tashi, kuma Windows in bata same su kusa da firogram ɗin ko a foldodinta ba, PATH take bi ta nema, da dokar nan dai ta wanda ya fara zuwa. Manhajoji da yawa da GCC aka gina su, suna zuwa da nasu kwafin libstdc++-6.dll, to in ɗaya daga cikinsu ta saka foldarta a gaban taka sai firogram ɗinka sabo ya ɗauki tsohon DLL. Ni ya faru dani da wata manhaja da na saka don wani aiki daban, kod ya haɗu lafiya babu kuskure ko ɗaya, ina tada shi sai ƙaramar taga ta fito mai jan alama wai Entry Point Not Found, da wani dogon suna mai farawa da _ZNSt wanda ba mai iya karanta shi. Wani lokacin ma g++ ɗin kansa ne zai koma shiru, babu a.exe babu saƙo, saboda cc1plus.exe da yake aiki a bayan fage ya kasa tashi. Maganin dai ɗaya ne, where libstdc++-6.dll, ka ga wa yake sama. Wannan ma ba laifin MSYS2 bane, amma da ace shafin farko na instol ɗinsu ya faɗi wannan dabarar da manyan baƙi da an huta.

Ƙananan abubuwa guda biyu kafin in manta. Masu MSYS2 da kansu sun ce a saka shi a gajeriyar hanya mara sarari mai haruffan boko na Turanci zalla, don haka ka barshi a C:\msys64, kar ka kaishi Program Files, kuma mu masu ɗ da ƙ da ɓ a sunayenmu gara foldar aikin kod ɗinka ta zama babu su babu sarari, tsofaffin kayan aiki irin make basa jituwa da sarari a sunan folda. Sannan a VS Code in kana gyara compilerPath a c_cpp_properties.json ko command a tasks.json, ka tuna JSON yana son a ninka alamar \ ɗin, C:\\msys64\\ucrt64\\bin\\g++.exe, ko ka yi amfani da / kawai ya wuce. Kuma compilerPath ɗin nan na jan layin da yake nuna maka kuskure ne lokacin rubutu, wanda yake haɗa kod ɗin na tasks.json ne, zai yiwu ɗaya yana kallon sabuwar kwamfayila ɗaya yana kallon tsohuwa.

Abin da yasa na zauna da MSYS2 har yau pacman ne. Da can in ina son ɗakin karatu irin SDL2 sai in sauke zip in yi ta kwashe fayilolin include da lib ina zubawa a foldodi ina addu'a, yanzu pacman -S mingw-w64-ucrt-x86_64-SDL2 ne kawai, ya zo daidai da sigar kwamfayilata ya zauna inda g++ zai ganshi. CMake haka, Ninja haka, gdb yana nan, kuma pacman -Syu ɗaya yana sabunta duka, duk kuma ta layi ɗaya tak da na saka a PATH. Wanda aikinsa ya dogara da kayan Microsoft zalla to Visual Studio ya fi masa, wanda kuma yake son Linux ɗin gaske WSL yana nan, wato Linux mai aiki a cikin Windows, sai dai abin da ka haɗa a can na Linux ne ba exe na Windows ba. Amma ɗalibi ko mai koyon C da C++ da yake son GCC sabuwa a Windows, ni MSYS2 nake nuna masa ba tare da shakka ba, da sharaɗin in zauna dashi minti goma mu buɗe PATH ɗinsa mu karanta tare kafin ya rubuta layin kod na farko.

Ƙanin nawa jiya ya turo min ɗan wasan da ya rubuta, exe ɗin ya tashi a tawa saboda ina da ucrt64\bin a PATH, amma da ya tura wa abokinsa sai ya ce masa wai libstdc++-6.dll was not found. Na ce ya sake haɗawa da g++ wasa.cpp -o wasa.exe -static, fayil ɗin ya ƙara nauyi kaɗan domin ɗakunan karatun sun shige cikinsa, ya sake turawa, ya tashi.